Igiya ta huɗu

A wurinmu an san igiyar aure uku ce, kuma duk macen da ta tashi a ƙasar Hausa ta san yadda ake tsinka su da abin da ke biyo baya. Ni sai da aurena ya mutu a birnin Manchester na gane cewa akwai ta huɗu, wadda ba waliyyina ne ya ƙulla ta ba, ba kuma a gaban shaidu da goro da alewa aka ƙulla ta ba. Da hannunmu muka ƙulla ta a ofishin wani lauya cikin shekarar 2018, ranar da ni da uban yarana muka sa hannu a takardar mallakar gida da takardar bashin da banki ya ba mu muka saye shi. Sakin da ya raba mu bai kai minti biyar ba, amma kwance wannan igiya sai da ya ci mini fiye da shekara biyu, ya ci gwal ɗina, ya ci filin da na gada.

Ni 'yar Kano ce, ma'aikaciyar jinya, kuma a Kano aka ɗaura mana aure kafin na biyo shi Ingila. Gidan da muka saya ƙarami ne, mai ɗakunan kwana uku, ginin jan bulo da ke manne da na maƙwabta ta gefe biyu, a unguwar Gorton da ke gabashin birnin. An sallama mana shi fam 152,000, muka ba da fam 16,000 daga abin da muka tara mu biyu, banki ya cika sauran bisa sharaɗin mu biya cikin shekara 25. Mun daɗe muna kai-kawo a kan batun kuɗin ruwa, domin akwai bankunan da ke bin tsarin Musulunci, inda banki ke sayen gidan tare da kai, kana biyan haya a kan kasonsa kana kuma saye shi sannu a hankali, sai dai kafin alƙalamin da aka nema a wancan tsarin ya fi ƙarfinmu. Ba na kare kaina a kan zaɓin da muka yi, ina dai roƙon Allah ya yafe mana. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga wannan rana shi ne wata tambaya da lauyan ya yi, wadda muka amsa muna dariya. Ya ce shin muna so mu mallaki gidan a dunƙule ne, ta yadda duk wanda ya riga mutuwa ɗayan zai ɗauke gidan gaba ɗaya, ko kuwa kowa da kasonsa a fayyace. Uban yarana ya dube ni ya ce, "Ai ni da ke ba mu da rabe-rabe," muka zaɓi na farko.

Ba zan faɗi abin da ya kashe auren ba, domin yarana biyu za su girma su iya karatu. A ƙarshen 2021 ya rubuta mini saki ɗaya, ya ajiye takardar a kan teburin kicin, ya ɗauki jaka biyu ya koma ɗakin haya. Na yi iddata a gidan kamar yadda Suratuɗ Ɗalaƙ ta yi umarni, ta cika ba a yi kome ba. Da Umma ta kira ni daga Kano, maganarta ɗaya ce: "Auta, tunda abin ya ƙare ki tattaro kayanki ki fita daga gidan mutane, kada a ce kin liƙe." A saninta, kuma gaskiyarta ne a can, gida na miji ne, abin da mace ke fita da shi gadonta da kwanukanta da labulayenta. Na sha wahala kafin ta fahimci cewa rabin kuɗin kowane bulo na gidan nan daga aikin dare na asibiti ya fito, kuma ko da na fita, bashin zai biyo ni duk inda na tafi.

Kuskurena na farko shi ne ɗaukar abin kamar cire suna daga takardar kuɗin wuta. Na shiga reshen bankin da takardar sakin a jaka, na ce ina so a cire sunansa tunda ni kaɗai ke zaune a gidan. Matar da ta saurare ni ta yi mini bayani cikin ladabi, amma ba ta rage komai ba. Ta ce banki bai san aure ba, bai san saki ba, mutum biyu ya sani da suka yi alkawarin biya, kuma ba rabi da rabi suka yi alkawarin ba, kowannensu bashin gaba ɗaya ne a wuyansa. Idan ɗaya ya ƙi biya, a kan ɗayan za a sauke komai. Ta ƙara da cewa banki ba zai saki mutum ɗaya ba sai ya tabbatar wanda ya rage zai iya ɗaukar nauyin shi kaɗai, wato a sake auna ni daga farko kamar wadda ba ta taɓa biyan ko kwabo ba, sannan kuma ba za a taɓa takardar mallaka ba sai da izinin bankin da gidan ke jingine a hannunsa, da sa hannun shi wanda za a cire, ko umarnin kotu. Na fito da takardar sakin ko buɗe ta ba a yi ba.

Watanni kaɗan bayan haka na ga ma'anar maganarta da idona. Daga asusunmu na haɗin gwiwa banki ke cire kuɗin wata, kusan fam 600, kuma mun yi da shi zai ci gaba da zuba rabi. Wani wata bai zuba ba, bai kuma faɗa mini ba, ni kuwa ina tsakiyar makon aikin dare ban duba ba, sai wasiƙa ce ta zo cewa ba a sami kuɗin cirewa ba. Kafin na haɗa na biya an riga an rubuta jinkirin a kundin tarihin bashina da nasa. A Ingila kamfanoni uku ne manya da ke riƙe irin wannan kundi, Experian da Equifax da TransUnion, kuma tabon jinkirin biya yana zama shekara shida kafin ya goge. Tun daga ranar na mayar da biyan kan asusuna, na daina jiran rabinsa, na fara ajiye kowace takardar banki da ke nuna cewa ni ke biya.

Wata abokiyar aikina ce ta matsa mini na ga lauya mai kula da shari'ar iyali, kuma awa ɗaya da na yi a gabanta ta fi mini duk shawarwarin da na sha ji a gidajen suna. Abu na farko da ta faɗa ya sa jikina ya yi sanyi: a idon dokar Ingila har yanzu ni matarsa ce. Auren da aka ɗaura a Kano bisa ƙa'idar can, Ingila ta amince da shi, da shi ma aka ba ni biza, amma dokar iyali ta 1986 ta ce babu sakin da aka yi a cikin Birtaniya da zai yi aiki sai wanda kotu ta bayar. Wato a addini na zama bazawara, a takarda kuwa ina nan da miji. Ta ce duk da haka in gode wa Allah, domin matan da aka ɗaura wa aure a falo ko a masallacin da ba shi da rajista a nan Ingila, ba tare da an je an yi na hukuma ba, dokar ba ta ɗauke su matan aure ba ko kaɗan, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta jaddada haka a 2020. Irin waɗannan idan aka rabu ba su da damar neman kotu ta raba dukiya irin ta ma'aurata, abin da takardar gida ta nuna da abin da za su iya kafa hujja a kai shi ne nasu. Na san mata biyu a cikinmu da wannan ya rutsa da su.

Daga nan ta ajiye biro ta tambaye ni, idan na mutu a daren nan wa zai ɗauki gidan. Na ce yarana da mahaifiyata, kamar yadda rabon gado ya tanada, tunda idda ta cika shi ba ya gadona. Ta girgiza kai, ta buɗo rajistar gidan a kwamfuta ta nuna mini. Saboda zaɓin nan da muka yi muna dariya, gidan zai koma hannunsa gaba ɗaya, ko na bar wasiyya ko ban bari ba, kuma ko sakin kotu ba ya sauya wannan da kansa. Maganin abin bai da wuya, kuma ba ya buƙatar yardarsa: aka rubuta masa sanarwa cewa na raba mallakar, aka cika fom ɗin da ake kira SEV aka aika wa hukumar rajistar filaye da gidaje, wato HM Land Registry, ba tare da biyan ko sisi ba. Shi ne abu na farko da na yi wanda ya ba ni barci. Shi kuwa da wasiƙar ta isa gare shi ya kira ni a fusace yana cewa, "Maman yara, yanzu ni za ki kai gaban lauyan Turawa?" Na ce masa, "Abban yara, ai a gaban lauyan Turawa muka saye shi."

Wata shida muka yi ana zaman doya da manja. Dattawan al'ummarmu sun zaunar da mu sau biyu bayan sallar Isha'i, kuma ban raina ƙoƙarinsu ba, amma duk maganarsu a kan haƙuri da zumunci take tsayawa, da an zo kan lissafi sai a ce a bar wa Allah. Shi so yake a sayar a raba biyu, ni kuwa ina duban makarantar yara da ke bayan layinmu da kuma kuɗin haya da ya riga ya zarce abin da muke biyan banki. Abin da ya kawo shi teburin sulhu ba wa'azi ba ne. Ya je neman bashin sayen wani ƙaramin gida, aka ce masa bashinmu gaba ɗaya yana kansa, don haka abin da za a iya ba shi kaɗan ne, ga tabon jinkirin nan da ya jawo mana, ga kuma ƙarin harajin kashi 3 cikin ɗari da ake ɗora wa mai sayen gida na biyu a lokacin. A ranar ya gane cewa igiyar da ta shaƙe ni ita ce a wuyansa.

Muka je wurin mai shiga tsakani mai lasisi, zama uku, kowa ya baje takardunsa: albashi, asusun banki, bashin mota, fansho. Dillalan gidaje uku suka zo suka yi wa gidan kuɗi, muka tsaya a kan fam 205,000. Sauran bashin banki ya kusa fam 115,000, saboda haka abin da yake namu na gaske fam 90,000 ne, rabi ya kama 45,000. A nan takardun da na ajiye suka yi amfani, domin sun nuna wata nawa na biya ni kaɗai. An kuma duba cewa yaran a hannuna suke, kuma fanshonsa ya fi nawa nesa ba kusa ba, wanda a dokar nan ina da damar neman kaso a ciki. Muka daidaita a kan in ba shi fam 30,000, in bar masa fanshonsa, shi kuma ya bar mini gidan, kowa ya yafe neman wani abu a wurin ɗan'uwansa nan gaba. Wasu sun ce na yi sakaci da na bar fanshon. Wataƙila, amma fansho sai an tsufa ake ganinsa, yara kuwa a daren nan suke buƙatar wurin kwana.

Ta ɓangaren kotu abin ya zo da sauƙi fiye da yadda na zata. Tun ranar 6 ga Afrilu 2022 sabuwar dokar saki ta fara aiki a Ingila da Wales, wadda ba ta buƙatar a ɗora wa kowa laifi, ba a tonon silili. Ta intanet na shigar da buƙatar, na biya fam 593. Sai an jira mako 20 kafin a nemi hukuncin farko, sannan mako shida da kwana ɗaya kafin a nemi na ƙarshe. A tsakanin biyun ne lauyata ta miƙa yarjejeniyarmu tare da fom ɗin D81 mai bayyana dukiyar kowa, aka biya fam 53, alƙali ya duba ya amince ba tare da ɗayanmu ya taka kotu ba. Ta hana ni gaggawar neman hukuncin ƙarshe har sai da alƙali ya sa hatimi a kan batun dukiya, ta kuma gargaɗe ni cewa umarnin alƙali ya ɗaure ni da shi ne kawai, bai ɗaure banki ba.

Tsugune kuwa ba ta ƙare ba, domin lokacin da na koma neman bashi da sunana shi ne mafi muni da mutum zai zaɓa. Babban Bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa sau 14 a jere, daga kashi 0.1 cikin ɗari a Disamba 2021 zuwa 5.25 a Agusta 2023, kuma tun bayan ƙaramin kasafin kuɗin da gwamnatin Liz Truss ta gabatar a Satumba 2022 bankuna suka ƙara tsuke bakin aljihu. Yarjejeniyarmu da banki ta shekara biyar mai tsayayyen kuɗin ruwa ta ƙare a bazarar 2023. Alherin da ke ciki shi ne babu tarar fita kafin wa'adi, sharrin kuwa shi ne bashin ya faɗa kan farashin banki na yau da kullum, kuɗin wata ya tashi daga fam 600 zuwa kusan 960. Ina buƙatar fam 145,000 don in biya tsohon bashi in sallame shi, amma bankinmu da ya auna albashina, ya cire kuɗin rainon ƙaramar da bashin mota, ya ce iyakarsa 118,000. Wasu bankuna biyu da suka ga tabon jinkirin ko aunawa ba su yi ba. Na zauna a mota a bakin asibiti na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar saki.

Wani dillalin bashin gidaje ne ya zauna da ni ya warware lissafin zare-zare. Ya ce in fara kashe bashin mota, in tsawaita wa'adin biya zuwa shekara 30, sannan ya nemo bankin da ke lissafa kuɗin aikin dare da na ƙarshen mako da kuɗin ciyar da yara da ubansu ke bayarwa, muddin ana ganin shigarsu a asusu wata bayan wata. Da haka aka kai fam 132,000. Cikon 13,000 da kuɗin lauyoyi da na motar kuwa sai na nemo da kaina. Na roƙi uwar adashenmu ta ba ni kwasar farko, na kai sarƙa da awarwaron lefena wurin masu sayen gwal a unguwar Rusholme da ke Manchester aka auna a gabana, sannan na kira Yaya a Kano na ce ya sa filina na gado a kasuwa. Ya yi shiru, ya ce, "Auta, filin Baba ne fa." Na ce, "Yaya, jikokin Baba ne za su kwana a ciki." An sayar, amma a daidai lokacin da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa daga Yunin 2023, kuma kowane mako da aka ƙara kafin a canza kuɗin sai na ga wani yanki na filin ya narke.

Haɗa kuɗin ma bai wadatar ba, sai da na tabbatar da asalinsu. Doka ta wajabta wa lauyan da ke kula da sauya mallaka ya san inda kowane fam ya fito, saboda yaƙi da halatta kuɗin haram. Na gwal akwai rasit, na fili Yaya ya aiko da takardar ciniki da ta rabon gado da shaidar banki. Adashe ne ya zama aiki. Ta yaya zan fahimtar da Bature cewa mata goma suna miƙa wa mace ɗaya kuɗi duk wata ba tare da wata takarda ba sai amana? Sai da uwar adashe ta kawo littafinta mai bangon shuɗi, wanda miya ta taɓa gefensa, aka ɗauki hoton shafukan, ta rubuta wasiƙa ta sa hannu, na haɗa da bayanan asusuna da ke nuna zubina na watannin baya. Lauyan ya juya littafin ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, amma ya karɓa. Wani sauƙi da na samu shi ne ban biya harajin sayen gida a kan kason da na karɓa ba, domin an yafe shi ga ma'auratan da ke sauya mallaka saboda rabuwa a kotu.

Takardar da ke cire suna fom ne mai shafuka kaɗan da ake kira TR1, kuma dole ne mai sa hannu ya yi a gaban shaida baligi da ke tsaye a wurin. Da yake bai ɗauki lauyan kansa a wannan mataki ba, sai da ya je aka tantance shi da fasfo a wani fom ɗin, ID1. Mako uku takardar ta yi a hannunsa, yau ya ce aiki, gobe ya ce mura, alhali tayin da banki ya yi mini yana da wa'adi. Ban yi masa faɗa ba, don na san ba kuɗin ne ke riƙe shi ba. Ranar wata Asabar da ya zo ɗaukar yara ya ce in kira maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Baturiya da ta yi mana rainon babban tun yana rarrafe. A kan teburin kicin ɗin nan da ya ajiye takardar saki ya shimfiɗa fom ɗin. Ya daɗe yana kallon jikin ƙofar da muke zana tsawon yara da fensir, sannan ya ce, "Kada ki yi wa wurin nan fenti." Na ce ba zan yi ba. Ya sa hannu, tsohuwar ta sa nata ta rubuta adireshinta, ya kama hannun yaran suka fita.

A Nuwamba 2023 aka kammala. Sabon banki ya tura kuɗi ga lauya, lauya ya biya tsohon banki, ya tura masa fam 30,000, duk a yini ɗaya ina wurin aiki, saƙo kawai na gani a waya lokacin hutun shan shayi. A makon na rufe asusun haɗin gwiwa, na rubuta wa kamfanonin nan uku cewa su raba kundina da nasa, na sauya inshorar gida, na kuma rubuta wasiyya da ta bi rabon gado na Musulunci. Hukumar rajista ta ɗauki watanni kafin ta sabunta bayanan, ni kuwa duk bayan 'yan makonni sai in biya fam 3 in sauke rajistar in duba. Wata safiya cikin azumin 2024, bayan na dawo daga aikin dare, na buɗe na ga sashe na biyu, inda ake rubuta mai gida, da suna ɗaya. A sashe na uku, inda ake rubuta wanda gidan ke jingine a hannunsa, sunan sabon bankin ne. Fam 780 nake biyansa duk wata, kuma biyan ƙarshe zai faɗo a 2053, ina da shekara 67 idan Allah ya kai rai. Na ɗauki hoton shafin na tura wa Umma, ta sa jikarta ta karanta mata, sannan ta kira ta tambaye ni ko yanzu za ta iya zuwa ta yi mini wata uku ba tare da ta nemi izinin kowa ba.